Ƙashi a Gaba ta Bakwai

Kwarin Gawo, ƙasar Zermu
21 ga Maris

Zuwa ga 'yata Aliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Faransa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo tun kafin lokacinsa. Innarki Hajjo tana gida a Zango cikin Zinder, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta. Ni kuwa ƙirjin nan da kika sani yana nan. In na daɗe a cikin rami sai ya riƙa kuka kamar tsohon zuga-zugi, amma ina cin tuwona.

Garin nan ba rezon salula, ko mutum ya hau gawo. Shi ya sa na koma rubutu da bik a takarda. Rashid direban motar kasuwa zai kai wa Hajjo, ita kuma ta ɗauki hoton wasiƙar da salula ta tura miki. In kin amsa, ta sa a buga a takarda ya kawo mini. Sau ɗaya yake zuwa a mako, shi ma in motar ta ga dama.

Wata biyu ke nan ina haƙa wa mutanen garin nan rijiya. Matansu tafiyar awa biyu suke yi da jakuna kafin su ga ruwa. Na yi musu alkawari za su sha ruwan garinsu kafin azumi, na kuma gaya wa Hajjo daga wannan na ajiye diga. Shekara talatin da huɗu ina shiga rami ban taɓa barin rijiya ba ruwa ba, ba na so ta ƙarshe ta ɓata mini suna.

To ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya, a zurfin gaba bakwai, mun wuce rairayi mun shiga baƙar laka, sai diga ta daki wani abu. Na ɗauka dutse ne. Da na share da hannu sai ga ƙashi. Tsawonsa kamu ɗaya da ɗani, kaurinsa ya kai taɓarya biyu a haɗe, baƙi ƙirin, ga nauyi kamar falalen dutse. Bakinsa ɗaya ya karye, ɗayan yana da kai mulmulalle irin na cinya. Da aka jawo shi sama gari ya taru. Wani tsoho ya ce cinyar Basamude ce, wai kakanninsu sun ce akwai makabartar mutanen da a kwarin nan. Mai gari Sama'ila ya ce a tsai da aiki. Liman Zakariya'u ya ce in mutum ne, to rijiya ta faɗa a kan kabari, ba a sha, sai a cike ta.

Sai na tuna ina da 'ya mai wannan karatu. Ko da yake har yau ban tabbatar ba, don saƙonninki ba ƙugiya, kullum abin da nake gani shi ne kina "karatun kashi". Hajjo ta ce in daina gaya wa mutane haka. Na ce wa mai gari su jira maganarki, sun yarda. Ki duba mini, mutum ne ko ba mutum ba?

Kawunki,
Abdulmumin


Faransa
24 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna Hajjo. Ni lafiya ta ƙalau, sanyi ya fara sauƙi. Ƙirjin nan dai ya kamata likita ya sake gani, kada ka ce mini tuwo ne maganinsa. Ka ga na sa haruffa masu ƙugiya a salulata saboda kai. Amma Kawu, ko da kashin ka ce ba ka yi ƙarya ba. A ɗakin da nake aiki akwai kashin wata dabba da aka samo a kogo a Amurka ta Kudu, ya fi shekara dubu goma, kuma akwai mai neman digirin dakta a kansa.

Daga kwatance kawai ba zan iya yanke hukunci ba, sai na ga hoto. Abin da zan ce shi ne, mutanen Kwarin Gawo ba su ne farau ba. A nan Turai ma, da can in aka tono babban ƙashi, cewa suke yi na ƙattin farko ne, har su rataye shi a majami'a. Daga baya aka gane na wata giwa ce mai gashi wadda ta ƙare.

Duniya ta ɗauki dabbobin da ba ka zato. Mai kashin nan da na ce, 'yan uwanta na yanzu ƙanana ne masu rataye a bishiya, amma a da akwai mai girman giwa, tana miƙewa kan ƙafafun baya ta jawo reshe da farata. A can ɗin dai an yi wata mai ƙoƙon baya kamar kunkuru, girman ƙaramar mota, amma nono take bai wa 'ya'yanta, wata irinta ma da kulki a ƙarshen wutsiya. A Asiya an yi karkanda marar ƙaho, mai dogon wuya, wadda za ta leƙa kan soro ba ta yi ɗage ba. A nan Afirka an yi giwa mai haure a haɓa, lanƙwashe ƙasa kamar fartanya. Ita kanta Damagaram ba haka take ba a da. Baƙar lakar da ka shiga, mai yiwuwa ƙasan tsohon tabki ce.

Yanzu abu mafi gaggawa. Ƙashin da ya daɗe a laka, in ya sha rana da iska, tsattsagewa yake yi ya zama gari. Don Allah kada a bar shi a fili. A samu farin ƙyalle mai tsabta a naɗe shi, a kai shi gefe, a rufe shi da ƙasa, kada kowa ya riƙa taɓawa. Sannan a nemi mai salula ya turo mini hoto ta kowane ɓangare.

Wallahi Kawu tun da na karanta wasiƙarka na kasa zama wuri ɗaya. Shekara shida ina shafa ƙasusuwan ƙasashen wasu, yau ga na gida.

'Yarka,
Aliya


Kwarin Gawo
4 ga Afrilu

Aliya,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Motar Rashid ta lalace mako guda, shi ya sa kika ji shiru.

'Yar nan kin kashe ni. Ban ce da gangan ba, amma kin kashe ni.

Wasiƙarki ta iso ran Laraba. Mai gari ya ce tunda maganar gari ce, a karanta a gaban kowa. Mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya karanta a ƙofar masallaci. Labarin kunkuru mai nono da giwa mai fartanya, an yi ta dariya, wani ya ce 'yar Abdulmumin tatsuniya ta je koyo. Da aka zo wajen farin ƙyalle sai dariya ta tsaya. Mushe ya maimaita. A naɗe shi da farin ƙyalle, a kai shi gefe, a rufe shi da ƙasa. Liman ya ce, "Inna lillahi. To ai ta faɗa. Ta dai ji nauyin kawunta ne ba ta fito fili ba."

Na ce ba haka kike nufi ba. Mai gari ya ce, "Malam Abdulmumin, a Hausar ubanka me ake naɗewa da fari a rufe da ƙasa?" Ke da aka haifa a Zango, kika ga an fita da gawar mahaifiyarki, a ce ba ki ji kalmomin nan a kunnenki ba kafin ki tura? Ko Hausar ma ta daskare a sanyi?

Liman mutum ne mai ilimi, ba zan zalunce shi ba. Ya ce gaɓa ɗaya ba a yi mata salla, sutura kawai. Mai gari ya ba da yadi biyu na fari daga ɗakinsa. Aka kai ƙashin bayan gari aka rufe, aka ɗora ƙaya. Washegari aka fara mayar da ƙasa cikin rijiyar. Ina tsaye. Ƙasar da na fitar guga-guga da ƙirjin nan, samari suna tura ta da shebur suna hira. Ban yi kuka ba, amma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Yanzu in na wuce sai a yi ƙasa da murya, an ce mai haƙa ya tono mutanen da.

An cike gaba biyu, sai wata tsohuwa, Barira, ta zo ta zauna a bakin rijiyar ta miƙe ƙafa. Ta ce jikarta ta yi ɓari a hanyar ɗebo ruwa bara, in za a ci gaba sai dai a haɗa da ita a cike. Ba mai iya ɗaga ta, ta yi goyon rabin garin. Mai gari ya ba da mako biyu. In ba a kawo hujja ba, a ƙarasa.

Ga hoto uku, Mushe ya ɗauka kafin a rufe ƙashin, ya bi Rashid zuwa Zinder zai ba Hajjo. Tono shi kuwa kada ma ki ambata, ba wanda zai yarda a buɗe kabari. Wannan karon ki rubuta kamar mai magana da kurma. Mutum ko dabba?

Abdulmumin


Faransa
6 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Na karanta wasiƙarka sau uku, na je na kulle kaina a banɗaki na yi kuka. Abin da ake gaya wa ɗalibai a nan na juya zuwa Hausa, ban saurari kaina ba. Laifina ne ni kaɗai. Ka gaida mini Iya Barira, ka ce 'yar da ta jawo wannan tana roƙon ta yafe.

DABBA CE. BA MUTUM BA NE. A karanta wannan layin sau goma a ƙofar masallaci.

Cinya ce, tsohon ya yi gaskiya a nan. Amma a hoto na biyu, ta baya, kusa da inda ya karye, akwai wani rami da babban yatsa zai shige. Cinyar mutum ba ta da shi, ko ƙato ko wada. Dabbobi masu kofato ke da shi. Na nuna wa malamata, ta yarda. Zatona wata ɓauna ce ta da, wadda ta fi ta yanzu girma nesa ba kusa ba. Daga tsinin ƙaho zuwa tsini takan kai mita uku. Ta ƙare shekaru dubbai da suka wuce, amma mutanen da suka gan ta sun zana ta a jikin duwatsun hamada.

Na san maganata ba ta da daraja a garin yanzu, kuma ba wanda zai yarda da rami a hoto. Don haka kada ku dogara da ni. Dabba ba ta mutuwa da cinya ɗaya. Ƙananan ƙasusuwanta suna nan cikin baƙar lakar da kuka fitar, sun fito a guga ba wanda ya lura. In akwai sauran tsibin da ba a mayar ba, a farfasa shi a tankaɗe. A nemi haƙori, a nemi ƙananan ƙasusuwan ƙafa. Duk abin da aka samu kada a turo mini. A kai wa mahauci, wanda ya daɗe yana fiɗa, wanda garin ya sani. A sa masa a hannu a gaban Liman, kada a gaya masa komai, a tambaye shi mene ne.

Na sa Inna Hajjo ta karanta mini wannan wasiƙar da baki ta salula kafin a buga, ta ce ba gawa a ciki.

Aliya


Kwarin Gawo
18 ga Afrilu

'Yata Aliya,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau muke. Na huce, ki daina kuka a banɗakin mutane.

Maza ba su yarda su taɓa tsibin ba. Barira ta ce dama ba ta sa rai ba. Ta tara mata goma sha, kowace da rariyarta da taɓarya, suka zauna suna dakan laka suna tankaɗe kamar masu aikin biki. Kwana biyu ba komai sai katantanwa, abin da ya ba ni mamaki, katantanwa a gaba bakwai. A rana ta uku suka samu haƙori guda, faɗinsa ya kai yatsa uku, da wani dunƙulallen ƙashi mai kwari a tsakiya, da wani mai tsini kamar bakin garma. An ce rariya huɗu ta yage, mazajensu suna ta mita.

Ran kasuwa muka aika wa Ɗanƙarami mahauci a Zermu. Sunan ne kawai ƙarami, sai da ya sunkuya ya shiga zauren mai gari. Liman da kansa ya miƙa masa mai tsinin. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Wa ya yanka wannan sa bai kira ni ba?" Liman ya ce ya duba da kyau, ana zaton na mutanen da ne. Sai Ɗanƙarami ya fita wajen babur ɗinsa, ya dawo da ƙafar saniya cikin buhu. A nan gaban kowa ya ɓare kofaton da wuƙa, ya zaro ƙashin ciki, ya ajiye kusa da namu. Kamar uwa da 'ya, ba bambanci sai girma. Ya ce, "Allah gafarta Malam, in Basamude ne, to mai kofato ne, kuma ciyawa yake ci. Ga haƙorinsa nan."

Liman ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe sa muka yi wa sutura." Ya ce komawa ga gaskiya ba kunya ba ce, ya kuma ce tsohon ƙashin da ya zama dutse ba ya ɓata ruwa. Shi ya fara ɗaukar shebur. An tono cinyar, tana ɗakin Mushe. Yadin kuwa matar mai gari ta karɓe abinta, ta ce ba ta ga dalilin da sa zai fi ta sutura ba.

Kwana huɗu muka kwashe abin da aka cike. Lakar tana ƙara laima, in na matse ta a hannu tana barin sanyi. Na san wannan alamar, ruwa bai wuce gaba ɗaya da rabi ba.

Amma jiya na iske kan dabbar. Aliya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yana kwance a tsakiyar ramin, goshi sama, cikakke, har ramukan ido. Ƙaho ɗaya ya shige bangon gabas, ɗaya ya shige na yamma, ban ga ƙarshen kowanne ba. Na zauna a kan goshin na huta, ya ɗauke ni kamar benci.

Ga yadda abin yake. Ba zan iya zagaye shi ba, ya tare ramin. In na bi ƙahonin cikin bango don in fitar da shi ɗungum, na cire wa zoben siminti mazauni, gaba bakwai na siminti za su sauko a kaina. Mai son shi cikakke sai ya buɗe ƙasa tun daga sama, faɗin fili guda, ya rushe rijiyar. Hanya ta biyu, in sa diga in farfasa shi, in fitar da shi a guga, kwana biyar in kai ruwa. Azumi saura wata guda. In damina ta iske rijiyar ba a gama ba, bangon ƙasa ba zai jira ba, ƙirjina ma ban ce zai jira wata shekara ba.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba sai masu ja mini igiya. Na ce diga ce ta karye. Da ba don ke ba da yanzu rijiyar nan ta zama juji, don haka ba zan taɓa shi ba sai na ji daga bakinki. Rashid zai dawo ran Laraba.

Kawunki


Faransa
21 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka. Alhamdu lillahi da Ɗanƙarami, ya fi ni iya aikina.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Kan irin wannan ɓauna cikakke, da ƙahoninsa biyu, ba su da yawa a duniya, kuma ban taɓa jin an samu ko ɗaya daga wajenmu ba. Malamata ta tashi tsaye da na karanta mata. Ta ce za a iya haɗa masana daga Yamai da nan, da izinin hukuma, su zo bayan damina, wajen Nuwamba. Ta ce za a nemi a haƙa wa garin wata rijiya a madadin. Na tambaye ta yaushe, ta ce ba ta iya yin alkawari. Ni ma na san irin wannan neman, yakan ci shekara biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, ina son kan nan. Ina son in tsaya a gaban mutanen da ke tambayata ko akwai wani abu a ƙasarmu ban da rairayi, in ce ga shi, kawuna ya haƙo. Kuma ina tuna Iya Barira da ƙafafunta a miƙe. Duk wanda na tuna sai in ji kunyar ɗayan.

Ka ba ni zuwa Talata. Zan tura wa Inna Hajjo magana ɗaya kafin motar Rashid ta tashi.

Aliya


24 ga Afrilu

Kawu, ka fasa. Allah ya sa haka shi ne alheri.

Aliya


Kwarin Gawo
2 ga Mayu

'Yata Aliya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Hajjo lafiya. Ni ƙirjin ya matsa kwana biyu, yanzu da sauƙi.

Takardarki ta iso, layi ɗaya. Hajjo ta ƙara nata a ƙasa da bik, ta ce ta kira ki sau uku kafin mota ta tashi, salularki a kashe. Ta ce a ganinta cewa kika yi in fasa aikin, in janye, a jira masana. Na kai wa Mushe a ɓoye, ya ce shi a ganinsa cewa kika yi in fasa kan, in sa masa diga. Ya ce da baki ne da ba gardama, ɗaya ana jan ta, ɗaya ba a ja, amma a takarda duk ɗaya suke, ba ƙugiyar da za ta raba su. Ya ce in jira wata Laraba a tambaye ki.

Na zauna a gindin gawo da takardar har la'asar. Ina zaune matan suka dawo daga ɗebo ruwa, jakuna a gaba, su a baya, wata da ciki ya tsufa tana tafe tana dafa ƙugu. Sannu kawai suka yi mini. Ban jira Laraba ba.

Ran Alhamis da safe na shiga. Na yi bisimilla, na fara da zarto, na yanke ƙahon gabas daidai bango, na yanke na yamma. Guntun da ya fito daga kowanne ya kai tsawon hannuna, ba su tsage ba. Sauran yana cikin bango har abada. Goshin ya ƙi zarto, sai diga. Sara tara na yi kafin ya buɗe. Na yanka dabbobi da yawa a rayuwata ban ji komai ba, amma wannan da ya mutu tun kafin a san Damagaram, shi ne ya taɓa ni. Na tsince kowane ɓallo na sa a buhu, buhu uku, haƙoran daban a cikin kwano. Mushe ya ɗauki hoto kafin in fara, ya ɗaure salularsa a guga muka saukar. Ban sani ba ko masu iliminku suna iya ɗinke irin wannan. In ba sa iyawa, ki faɗa musu mai haƙa ne ya yi, ba ke ba.

Ran Litinin, wajen hantsi, a gaba takwas da kamu biyu, na ɗaga diga sai ramin da ta bari ya ciko. Na tsaya ina kallo har ya rufe mini idon sawu. Guga na farko laka ce, na biyar ya fara washewa. Liman ya yi addu'a, aka miƙa wa Barira kwarya. Ta sha, ta wanke fuska, ta ce a ba jakuna su ma, sun fi kowa wahala. Jiya na sa zoben ƙarshe. Digar na bar wa masu ja mini igiya, ran Laraba zan bi Rashid gida da buhunanki.

Aliya, na san Hausa. Na san hanya biyu maganarki take, na ɗauki wadda nake so. In ita kika nufa, Allah ya yi miki albarka, kin ba da abin da ya fi nawa. In ɗayar kika nufa, to na ci amanarki da idona biyu, ki yafe wa kawunki. Amma ina roƙon ki abu ɗaya, ko a wasiƙa, ko ran da kika dawo muna zaune a tsakar gida, kada ki gaya mini wacce ce.

Ruwan ba gishiri. An ce yau mata sun yi wanki a gida.

Kawunki,
Abdulmumin